Nutso da tulun iska: tambayoyin da ake yi da abin da ya kamata a sani kafin a shiga ƙarƙashin ruwa



Wani zai ce mi ya haɗa ƙasar Arewa da zancen nutso a teku, mu da ko gulbi mai gudu rani da damina ba mu da shi, sai fadamar Dallol Mawri da tabkunan da ruwan sama ke cikawa? Abin da ya haɗa mu da shi ɗiyanmu ne. Yau akwai namu a Jidda bakin Bahar Maliya, akwai a Misira, a Libiya da Aljeriya, akwai a Kwatano, Lome, Abijan da Legas. Wasu na aiki a otal-otal na bakin teku, wasu a jiragen ruwa, wasu kuma ranar hutu abokai kan ja su su gwada shiga ƙarƙashin ruwa da tulun iska a baya. Hoto ya iso gida, uwa ta gani hankalinta ya tashi, ƙane ya gani ya ce shi ma sai ya yi. Shi ya sa munka ga ya dace mu zauna mu warware zancen, tun daga na teku har zuwa na tabki da rijiya da ke ƙofar gidanmu, don dokar ruwa ɗaya ce ko'ina.

Nutso kansa ba baƙo ba ne a wanga yanki. Maƙwabtanmu Kabawa sun daɗe da shi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda anka fara a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016, ba jefa homa kaɗai ake yi a gulbin Matan Fada ba, har gasar nutso da kama kifi da hannu ana yi. Sai dai wancan nutso ne na riƙe numfashi. Wanda za mu fara da shi daban ne, kuma bambancin nasu shi ne ke kashe mutane.

Mi ne ne a cikin tulun nan?

Masu Turancin Ingilishi na ce wa wanga nutso sukuba, masu Faransanci na ce mishi pulonje. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan, su ne sunka haɗa na'urar a 1943. Tulu ne na ƙarfe, yawanci mai cin lita 12, da ake ɗura wa iska har ƙarfinta ya kai bar 200. Don ku gane, tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan abu mai faci ke sa mata. Daga tulun sai na'urar da ke rage ƙarfin iskar, sai tiyo da abin da ake cizawa a baki ana shaƙa. Akwai gilashin fuska da ke rufe ido da hanci, takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, ɗamarar dalma mai sa mutum ya nutse, riga mai hurawa da ke ɗaga shi, da agogon da ke nuna iskar da ta rage.

Mutane da yawa na zaton oksijin ne a ciki, irin na asibiti. A'a. Iska ce wagga da muke shaƙa, an tace ta an matse: kashi 21 cikin 100 oksijin, kashi 78 wata iska da ake kira naitirojin. Tsantsar oksijin idan an wuce kamar mita 6 da ita guba take zama, ta sa mutum jijjiga kamar mai farfaɗiya a cikin ruwa. Saboda haka duk wanda ya ce bari ya ɗauko tulun masu walda ya yi dabara, ajalinsa ya ɗauko.

Mi ya sa kunne ke ciwo?

Ruwa na da nauyi. Duk macen da ta taɓa ɗauko jarka lita 25 daga rijiya zuwa gida ba ta buƙatar a yi mata bayani. A doron ƙasa iska na danne mu da nauyin bar 1, mun saba ba mu ji. Cikin ruwa kuwa kowace mita 10, wato kamar gaba biyar da rabi a lissafin masu ginar rijiya, na ƙara bar 1. A mita 10 bar 2 ke nan, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4.

Nama da ƙashi ba su damu da wanga nauyi ba. Inda matsalar take shi ne duk wurin da iska ke ɓoye a jiki: bayan dodon kunne, kogunan hanci da goshi, da huhu. Tun daga mita ɗaya ko biyu ruwa ke fara tura dodon kunne ciki. Maganinsa a toshe hanci da yatsu a hura a hankali, ko a haɗiye miyau, iska ta bi wata ƴar hanya daga maƙogwaro ta shiga kunne ta daidaita. Ana yi tun kafin ciwo ya fara, kuma a yi ta maimaitawa ana sauka. In kunne ya ƙi buɗewa, a ɗan hau sama kaɗan a sake gwadawa. In ya ƙi, a haƙura da nutson ranar. Wanda ya ce shi namiji ne zai daure, dodon kunnensa na iya fashewa, ruwa mai sanyi ya shiga, jiri ya ɗebe shi har ya kasa sanin ina sama ina ƙasa. Kar a cusa auduga ko wani abu a kunne, ƙara ɓata lamarin yake. Mai mura kuma ya jira ya warke, don majina ce ke toshe ƴar hanyar.

Doka ta farko, wadda ta saɓa wa abin da munka saba

Nan muke so a natsu, musamman ku samarin da kunka tashi kuna iyo a tabki. Yaron Arewa da ya iya ruwa, abu na farko da jikinsa ya koya shi ne: kai ya shiga ruwa, a riƙe numfashi. A tabki wannan daidai ne. Da tulun iska kuwa shi ne babban haɗari.

Ga dalili. In ka hura balan-balan a sama ka nutsa da shi mita 10, zai koma rabin girmansa, in ka fito da shi ya dawo yadda yake. Haka huhun mai nutson Argungu yake: da iskar sama ya shiga, ta matse, ya fito ta dawo daidai, ba abin da ya same shi. To amma ka hura balan-balan ɗin ya cika tam a can ƙasa, a mita 10, ka ɗaure bakinsa ka hau da shi. Kafin ka iso sama ya ninka biyu, ko ya fashe a hanya. Mai tulu a can ƙasa yake cika huhunsa. In tsoro ya kama shi ya rufe baki ya yi sama da gudu, iskar na kumbura a ƙirjinsa, huhu ya tsage, kumfar iska ta shiga jini ta tahi ƙwaƙwalwa. Mutum ya fito lafiya lau a ido, cikin ƴan mintoci ya faɗi. Kuma ba sai a zurfi mai yawa ba. Hawan da bai fi mita ɗaya da rabi ba, da huhu cike da baki rufe, ya isa ya yi ɓarna, har a kwamin wanka na otal.

Don haka kowane malamin nutso a duniya, ko da wane harshe yake koyarwa, da wannan yake farawa: ka yi ta numfashi, kar ka taɓa riƙe shi. Ko abin shaƙar ya kuɓuce daga bakinka, ka riƙa sakin ƴar kumfa har ka maido shi. Mu a ganinmu gwanin tabki ya fi wanda bai taɓa nutso ba buƙatar a nanata mishi wannan, don shi sai ya kwance tsohuwar al'ada kafin ya ɗaura sabuwa. Ruwa kan ci gwani, ba yau anka fara faɗa ba.

Ciwon saurin fitowa

Haɗari na biyu ya fi wuyar ganewa don ba ya nuna kansa nan take. Naitirojin ɗin da ke cikin iska jiki ba ya amfani da ita. A sama tana shiga tana fita. A ƙarƙashin nauyin ruwa kuwa narkewa take cikin jini da nama, kuma gwargwadon zurfi da daɗewa gwargwadon yadda take taruwa. In mutum ya hau a hankali, tana fita ta numfashi ba tare da ya sani ba. In ya hau da sauri, sai abin da ke faruwa in an buɗe kwalbar lemu da anka girgiza ya faru a jikinsa: kumfa ta tashi a gaɓoɓi, a jijiyoyin jini, wani lokaci a lakar baya.

Wani masani Bafaranshe, Paul Bert, shi ya gano dalilin a 1878, sannan John Haldane na Birtaniya ya fitar da jadawalin hawa daki-daki a 1908. Har yau a kan aikinsu ake tafiya. Jadawalin masu nutson shaƙatawa na ba mutum kusan awa ɗaya a mita 18, amma a mita 30 minti 20 kacal. Hawa kuma kar ya wuce mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya, a tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito. Yanzu akwai ƴar kwamfuta da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo tana yin lissafin. In ta ce hau, ka hau, ko da iska ta rage da yawa a tulu.

Labarin Harrison Okene ya isa misali. Kuku ne ɗan Najeriya a wani jirgin ruwa mai jan manyan jirage, Jascon 4, da ya kife a teku a gaɓar Najeriya ranar 26 ga Mayu 2013 ya nutse kamar mita 30. Cikin mutum 12 shi kaɗai ya rayu, a wani lungu da iska ta maƙale, cikin duhu da sanyi, kusan awa 60. Masu nutson da anka aiko neman gawawwaki su ne sunka ci karo da hannunsa yana motsi. To abin lura, ba su fito da shi kai tsaye ba, duk da halin da yake ciki. Jikinsa ya riga ya sha naitirojin ya ƙoshi, da an ɗaga shi sama nan take da ya mutu a hannunsu. Sai anka sa shi a ɗakin matsin iska, wani ƙaton tulun ƙarfe da mutum ke kwanciya ciki, anka yi ta rage matsin kaɗan-kaɗan fiye da kwana biyu kafin ya ga rana. Daga baya ma shi kansa ya koyi aikin nutso.

Alamomin ciwon kan fito cikin ƴan awoyi, kusan duka kafin kwana ɗaya: ciwo mai zurfi a kafaɗa, gwiwar hannu ko gwiwa, ƙaiƙayi da borin fata, mutuwar jiki da ta wuce gajiyar aiki, jin ƙafa ko hannu na sanyi ko tsira kamar allura, jiri, kasa fitsari, har shanyewar ƙafafu. Wanda ya ga haka bayan nutso a kwantar da shi, a ba shi oksijin in akwai, a ba shi ruwa in yana cikin hankalinsa, a garzaya asibiti. Kar a maida shi cikin ruwa wai kumfar ta koma. Kar a tsaya tausa ko ƙaho ko shafe-shafe ana cewa sanyi ne. Maganinsa ɗakin matsin iska ne, shi ya sa kafin ka biya kuɗin nutso a ko'ina ka tambayi masu wurin ina ɗaki mafi kusa yake, kuma ko akwai tulun oksijin a jirginsu. In sunka fara kame-kame, kama gabanka.

Ga wadda ta fi shafar ƴan bida. Cikin jirgin sama matsin iska bai kai na ƙasa ba, saboda haka shiga jirgi kamar ƙarin hawa ne. Bayan nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12, bayan nutso da yawa aƙalla awa 18, da yawan malamai ma cewa suke a cika 24. Kar mutum ya ce bari ya yi nutson ban kwana da safe ya hau jirgin Yamai da dare. In kuwa wani ya iso gida ciwon gaɓoɓi ko mutuwar ƙafa ta kama shi, ku iyalai ku gaya wa likita a fili cewa ya yi nutso da tulu, da ranar da ya yi. Likitan da ke aiki nesa da teku ba zai kawo wannan a ransa ba in ba a faɗa mishi ba.

Wani abu kuma: daga wajen mita 30 naitirojin na sa maye. Mutum ya riƙa jin daɗi ba dalili, ya manta duba agogonsa. Da ya ɗan hau sama take washewa. Shi ya sa iyakar masu shaƙatawa mita 40 ce, sabon shiga kuma mita 18. Iskar ma saurin ƙarewa take a zurfi, a mita 30 ninki huɗu kake sha. Ana juyowa tun da sauran bar 50 a tulu.

Wa bai kamata ya shiga ba?

Na farko a wurinmu mai amosanin jini, wato sikila. Ciwon na da yawa a ƙasar Hausa, kuma sanyi, ƙarancin oksijin da ƙishirwa duk suna tayar da shi, ga su kuma duk a nutso. Wanda bai san irin jininsa ba ya yi awo, ya nuna wa likita sakamakon. Sai mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai asma da ke tashi, wanda ya taɓa tarin fuka ko huhunsa ya taɓa samun rauni, mai hujin dodon kunne, da mace mai ciki. Mai hawan jini ko ciwon suga sai likita ya duba ya yarda. Ana ba da takardar tambayoyin lafiya kafin a fara. Kar a yi ƙarya a kanta don kunyar abokai.

Taramol, wiwi, giya da maganin mura mai sa barci ba su haɗuwa da ruwa, ko na tabki ne. Mai azumi kuma ya sani jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci ya fi saurin kamuwa da ciwon saurin fitowa. Teku ba inda za ta, a bari sai bayan salla.

Sai an koya? Ai na iya ruwa

Sai an koya. Iya iyo sharaɗi ne kawai na shiga aji: za a sa ka yi mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a kan ruwa minti 10. Karatun farko kwana uku zuwa huɗu ne, a fara a kwami, sannan nutso huɗu a teku tare da malami. Manyan ƙungiyoyin da ke ba da katin shaida su ne PADI, da anka kafa a Amurka a 1966, da CMAS, da anka kafa a Monako a 1959, wadda ƙasashe masu Faransanci sunka fi bi. Ka nemi ganin katin malamin, ba rashin kunya ba ne. Akwai kuma nutson ɗanɗano na yini ɗaya da ake yi wa baƙi a wurare irin Sharm el-Sheikh da Hurgada, malami na riƙe da kai ba a wuce mita 12. Wannan bai maida kai mai nutso ba, kar gobe ka ari kayan aboki ka shiga kai kaɗai.

Ba a nutso mutum ɗaya. Biyu-biyu ake yi, kowa ya duba kayan ɗan uwansa kafin a shiga, kuma kar a yi nisan da hannu ba zai kai ba cikin ƴan daƙiƙu. Magana da hannu ake yi. A lura, ɗaga babban yatsa da munka saba yi a hoto, a can ma'anarsa mu hau sama. In kana nufin lafiya lau, sai ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Ana yawan tambayar kifin nan mai cin mutane. Yana nan, amma ba shi ke cin masu nutso ba. Firgita, ƙarewar iska, ciwon zuciya da rabuwa da aboki su ne kan gaba. Kar a taɓa komi a ƙasan teku, ko dutse mai kyawon launi, wasu na da dafi. A bakin tekun Kwatano, Lome da Legas kuwa abin tsoro shi ne jan ruwa mai komawa ciki. In ya ɗauke ka kar ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa, ka bi gefe, tsawon bakin teku, har ka fita daga hanyarsa, kana ɗaga hannu.

Kwamfuresa da rijiya

Akwai wani nutso da ba na shaƙatawa ba, na neman abinci. A wasu wuraren ɗibar yashi da haƙar zinariya ana ba matasa tiyo a baki, an haɗa shi da kwamfuresa irin ta mai faci, su shiga ƙasan ruwa su daɗe. Duk dokokin da munka lissafa suna kansu, ga ƙarin biyu: iskar na haɗe da mai da hayaƙin inji, kuma in injin ya mutu ba abin da ya rage sai gudu sama da huhu cike. Ɗan uwa, in irin wanga aiki anka yi maka tayi, kuɗin ba su kai ƙafafunka ba.

Hayaƙin nan shi ya kawo mu gida. A cikin fadama ruwa kusa yake, amma a kan tudu rijiyoyinmu gaba da yawa ne, kuma masu yasa na shiga. Iskar ƙasan tsohuwar rijiya na iya lalacewa, ruɓaɓɓen ganye da taɓo su cinye oksijin. Mafi muni shi ne a saukar da injin ban ruwa cikin rijiya ko a aje shi a baki hayaƙi na gangarawa. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya ji ciwon kai, ƙafafu su mutu, ya zube. Na sama ya ga ɗan uwansa ya faɗi ya bi shi, shi ma ya zube, na uku ya bi. Haka gida ɗaya ke rasa maza biyu ko uku a yini ɗaya.

Dabarar iyayenmu ta saukar da fitila mai wuta tana da amfani: in ta mutu ba a shiga. Amma cin wutar bai nuna babu gubar inji ba, wannan fitila ba ta ganinta. Inji ya zauna waje, nesa da baki, ta inda iska ke kwashe hayaƙin. A buɗe rijiya ta sha iska, a yi ta sama da ƙasa da ganye ko buhu a igiya. Mai shiga ya ɗaura igiya ta biyu a ƙirji, ban da wadda yake sauka da ita, maza aƙalla uku na riƙe, ana yi mishi magana ba yankewa. Ya yi shiru, a jawo shi. Ba mai bin sa ciki.

Tabki da yaranmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, yara da matasa ne da yawansu, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-macen in an kwatanta da yawan jama'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa, lokacin da mu nan tabkuna ke cika, iyaye na gona.

Wasan da ya fi ba mu tsoro shi ne na wa zai fi daɗewa a ƙasa. Yara kan yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutse, wai su tara iska. Ba iska suke tarawa ba, ƙararrawar jiki suke kashewa, wadda ke cewa fito ka shaƙa. Sai oksijin ya ƙare yaro bai ji komi ba, ya suma a ƙasan ruwa shiru, abokai na sama na ƙirga mishi suna yabo. Wanda ya fi iyawa shi abin ya fi samu. A hana wanga wasa.

Kududdufan da anka ɗebi ƙasar bulo ko ta hanya ba su da gangare, taki ɗaya daga gwiwa sai wuce kai. Taɓon ƙasa na riƙe ƙafa, ruwan ƙasa ya fi na sama sanyi har ya ɗaure jijiya. Sau da yawa abin da ake cewa wani abu ya ja shi, wannan ne. Ba a tsunduma da ka a ruwan da ba a ga ƙasansa ba, karyewar wuya ba ta gyaruwa. Ƙorama in ta kawo a jira ta wuce, da mutum da amalanke da babur. Masu zuwa Gaya kuma su tuna gulbi na da dorina da gudu.

Mai nutsewa ba ya ihu kamar a fim. Shiru yake, kai a ɗage, baki na shiga ruwa yana fita. In kun gani, a miƙa mishi doguwar sanda, ko a jefa igiyar guga, ko jarkar da ba komi an rufe bakinta, tana ɗaukar babban mutum. Wanda bai koyi ceto ba in ya faɗa, mai nutsewa zai ƙanƙame shi su tahi tare.

In an fito da shi ba ya numfashi, kar a ɓata lokaci ana juya shi a kife ko ana danna ciki wai ruwa ya fita. Iska yake buƙata. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓa, a toshe hanci a hura mishi a baki sau 5 har ƙirji ya ɗaga. Sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a yi ta yi ana karɓeɓeniya, wani kuma na neman mota ko kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18. In ya farfaɗo a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun tufafi a lulluɓe shi, kuma a kai shi asibiti ko ya ce ya warke, don ruwan da ya taɓa huhu na iya tayar da numfashi bayan awoyi.

Yaron da ke yawan wanka a tabki kuma in kunka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, ba alamar girma ba ce, tsargiya ce. Tsutsarta daga ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance take fitowa ta huda fata. Ƙwayar maganinta, farazikwantel, ita ce wadda ake rabawa a makarantu, kuma ana samun ta a gidan likita mafi kusa.